Daga Samanja zuwa Abokan Ibro: Muhawarar Dariya a Ƙasar Zuru

Daga cikin muhawarorin da ba sa ƙarewa a majalisun hira na ƙasar Hausa da maƙwabtanta, akwai wadda ta shafi tsofaffin 'yan wasan barkwanci, wato mutanen da suka yi tashe a cikin gungu guda, daga baya mutuwa ko sauyin kasuwa ya raba su, kowa ya kama gabansa. Abin da ake jayayya a kai shi ne ko waɗanda suka rage daga irin wannan gungu suna iya ba da dariya har yanzu, ko kuwa sunan da suka yi a da ne kaɗai yake riƙe da su. Wasu na ganin cewa barkwanci ya tafi tare da manyansa, wasu kuma na cewa masu kallo ne suka canza, 'yan wasan suna nan yadda aka san su. Garin Zuru da ke kudancin jihar Kebbi wuri ne da ya dace a tsaya a duba wannan batu, saboda tarihin mutanensa ya sa suna kallon manyan gungun barkwancin Hausa guda biyu, na Samanja da na Ibro, da idon da ya bambanta da na Bakano ko Bakatsine.

Kafin a yanke wa kowa hukunci, ya kamata a fahimci cewa barkwancin Hausa tun asalinsa aikin taro ne. 'Yan kama, waɗanda sana'arsu ita ce kwaikwayon malamai da mawaƙa tare da juya maganganunsu zuwa zancen tuwo da miya, ba sa fita sai da 'yan amshi, domin amshin ne yake nuna wa jama'a inda za su yi dariya. 'Yan gambara, masu yawo kasuwa-kasuwa da kiɗa da zambo, su ma sukan kasance biyu ko fiye, ɗaya yana jefa magana, ɗaya yana cafewa yana ƙara mata gishiri. Haka wasannin tashe da yara da matasa suke yi a cikin watan azumi, ba a taɓa jin yaro ɗaya ya fita tashe shi kaɗai ba. Ko wawan sarki, wanda a zahiri shi kaɗai yake aikinsa, yana dogara ne da fadawa da kwarjinin sarkin da yake tsokana, don da a ce babu wannan kwarjini, da maganarsa ba ta wuce shirme ba. Wannan tsari na mai jefawa da mai amsawa shi ne ya bi 'yan wasa zuwa gidan rediyo, sannan talabijin, sannan kaset ɗin bidiyo, kuma shi ne mabuɗin muhawarar baki ɗaya.

Masarautar Zuru ta ƙunshi ƙasashen Dabai da Danko da Fakai da Sakaba da Wasagu, kuma mafi yawan mutanenta Lelna ne, waɗanda Hausawa suke kira Dakarkari, masu magana da harshen C'lela, tare da wasu ƙabilu irin su Fakkawa da Dukkawa da Kambari, sai Hausawa da Fulani da suka daɗe a cikinsu. Hausa ita ce harshen kasuwa da tashar mota da cuɗanya tsakanin waɗannan al'ummu, amma ga mutane da yawa ba ita ce harshen da aka yi musu magana da shi a goye ba. Abu na biyu da ya shahara game da yankin shi ne aikin soja. Tun zamanin Turawa ake ɗibar samarin ƙasar Zuru aikin ɗamara, har ta kai da wuya a sami zuriyar da ba ta da tsohon soja. Daga nan ne Laftanar Janar Ishaya Bamaiyi ya fito, wanda ya shugabanci rundunar sojan ƙasa daga 1996 zuwa 1999, da Manjo Janar Tanko Ayuba, wanda ya yi gwamnan soja a Kaduna daga 1990 zuwa 1992, kuma marigayi Sarkin Zuru kansa, Manjo Janar Muhammadu Sani Sami, ya riƙe jihar Bauchi a matsayin gwamnan soja daga 1984 zuwa 1985. A ƙarƙashin waɗannan manyan hafsoshi akwai ɗimbin kofur-kofur da saje-saje waɗanda suka yi rayuwarsu a barikokin Kaduna da Jos da Legas da sauran garuruwa, suka haifi 'ya'ya a can, sannan suka dawo gida da fansho da labarai.

Wannan shi ya sa wasan Samanja Mazan Fama yake da matsayi na musamman a wurin irin waɗannan iyalai. Gidan rediyo da talabijin na Kaduna ya fara aiki a 1962, aka kafa hukumar talabijin ta ƙasa, wato NTA, a 1977, kuma a tsakanin shekarun 1970 da 1980 ne tashoshin Arewa suka cika da wasannin kwaikwayo na Hausa, irin su Karambana na Kasimu Yero a Kaduna, da Karkuzu na Bodara a Jos, da Kuliya Manta Sabo a Kano. Usman Baba Pategi, wanda ya fito a matsayin Samanja, an haife shi a 1942 a gidan sarautar Patigi da ke jihar Kwara ta yanzu, kuma ya yi aikin soja na gaske kafin jama'a su san shi da kakin wasa. Samanja dai muƙami ne da ke saman saje, mai riƙe da shi ne yake kula da fareti da ladabtar da ƙananan sojoji, shi ne kuma tsani tsakaninsu da hafsoshi. Dariyar wasan tana fitowa ne daga wannan matsayi na tsaka-tsaki: mutum ne mai tsawa ga na ƙasa da shi, mai ƙamewa a gaban na sama da shi, wanda idan ya koma gida sai ya tarar da iyalin da ba sa bin umarnin fareti. Harshen da yake amfani da shi kuma barikanci ne, wato Hausar bariki da take gauraye da Turancin buroka da kalmomin umarnin soja, wadda ta samo asali daga haɗuwar ƙabilu daban-daban a ƙarƙashin tuta guda.

Bahaushen birni yana yi wa wannan harshe dariya ne don ya ji shi a karkace. Ɗan tsohon soja daga Dabai ko Riba kuwa, abin da yake ji shi ne muryar mahaifinsa ko ta maƙwabcinsu a layin bariki, saboda haka dariyarsa ta ganewa ce, ta wanda aka nuna wa gidansu a allo. Akwai kuma wani abu da ba a cika lura da shi ba, wato cewa Samanja kansa Banufe ne, ba Bahaushe ba, don haka lokacin da yake karya Hausa, ba wani yake yi wa ba'a daga nesa ba, rayuwar da ya sani yake nunawa. Wannan ne ya bai wa wasan mutuncin da ya hana shi zama cin fuska.

Game da wannan rukuni na farko, muhawarar ta riga ta zama ta tarihi, domin mafi yawansu sun riga mu gidan gaskiya. Kasimu Yero ya rasu a 2017, Samanja ya rasu a Kaduna a watan Nuwamba na 2023, shi kuma Abdullahi Shu'aibu Karkuzu ya ƙare rayuwarsa a Jos cikin tsufa da lalurar ido, har sai da ɗan wasan ƙwallon ƙafa Ahmed Musa ya saya masa gida a 2023 bayan labarin halin da yake ciki ya bazu. Amma kafin rasuwarsu an ga wasunsu a fina-finan bidiyo, inda akan ba su matsayin uba ko attajiri ko mai unguwa, su fito na 'yan mintoci su yi faɗa ko nasiha su koma. Wanda ya kalle su a irin wannan fitowa zai iya cewa dariyarsu ta ƙare, alhali gaskiyar ita ce ba a nemi dariya daga gare su ba, kuma ba a kawo musu mutanen da suka saba jefa wa magana ba. Hukuncin da aka yanke musu a kan haka bai yi adalci ba.

Inda muhawarar take da zafi a yau shi ne a kan rukuni na biyu, wato abokan aikin Rabilu Musa Ibro. Fim ɗin bidiyo na Hausa ya fara ne da Turmin Danya na ƙungiyar Tumbin Giwa a Kano a 1990, kuma kafin ƙarshen wannan goman masana'antar ta rabu zuwa manyan rassa biyu: fina-finan soyayya masu waƙa da rawa, da kuma waɗanda 'yan fim suke kira camama, wato fina-finan barkwanci masu ƙaramin jari, waɗanda akan ɗauka cikin 'yan kwanaki, galibi a ƙauye ko a unguwar talakawa, ba tare da cikakken rubutaccen labari ba. Ibro, ɗan asalin Ɗanlasan a jihar Kano wanda aka haifa a 1971 kuma ya yi aikin gandiroba kafin ya koma wasa, shi ne sarkin wannan reshe. Ya fara da abokai irin su Yautai da Kulu, aka san shi da Tsigai da Dumɓaru a matsayin matansa na wasa, daga baya kuma sunaye irin su Ciroki da Katakore da Bosho da Daushe da Naburaska da Ɗan Gwari suka zama waɗanda ake gani tare da shi ko a kewayensa. Ba ƙungiya ce mai rajista da kundin tsari ba, amma a idon mai kallo gungu guda ne, domin fuskokin nan su ne suke maimaituwa daga wannan kaset zuwa wancan.

Dabarar Ibro ita ce ɗaukar duk abin da duniya take magana a kai ya sanya wa ɗan ƙauye rigarsa. Da aka yi yayin mawaƙin Kwango Awilo Longomba sai ga Ibro Awilo, bayan harin 11 ga Satumba na 2001 sai ga Ibro Usama, sannan Ibro Saddam, kuma manazarta irin su Farfesa Abdalla Uba Adamu sun yi rubutu a kan yadda waɗannan fina-finai suke mayar da al'amuran duniya zuwa ma'aunin Bahaushe. Wannan tsokana ba ta tafi a banza ba, domin a 2008 wata kotun tafi-da-gidanka mai aiki da Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano ta yanke masa ɗaurin wata biyu a kan fim ɗin Ibro Aloko, tsohon ma'aikacin gidan yari ya koma ciki a matsayin ɗaurarre. Ya rasu a watan Disamba na 2014 yana da shekara arba'in da 'yan kai, kuma tun daga lokacin ake tambayar ko waɗanda ya bari za su iya riƙe fagen.

Masu cewa ba su iya ba suna da hujjojin da ba za a yi watsi da su ba. Suna nuni da cewa abin da ake gani a yawancin gajerun wasannin da suka biyo baya maimaici ne: ɗan ƙauye ya shigo birni ya rikice, maƙaryaci ya ci bashi ya ɓuya, miji ya ji tsoron matarsa, a ƙarshe a kaure da guje-guje da duka. Suna kuma cewa ƙara da zare ido da baƙar hoda a fuska sun maye gurbin iya magana. A wannan ɓangaren suna da gaskiya, kuma duk wanda ya zauna ya kalli irin waɗannan wasanni guda biyar a jere zai iya faɗin yadda na shida zai ƙare tun kafin a fara shi. Inda suka yi kuskure shi ne ɗaukar wannan a matsayin shaidar cewa baiwar mutanen ce ta ƙafe.

Fim ɗin da ba shi da rubutaccen zance yana rayuwa ne a kan abin da ke faruwa tsakanin 'yan wasa a lokacin da kyamara take ɗauka. Darakta yakan faɗi inda za a fara da inda za a tsaya, sauran kuwa ya rage ga waɗanda suke gaban kyamara, kuma a nan ne sabo yake aiki: wannan ya san lokacin da wancan zai ja numfashi, ya san kalmar da za ta tunzura shi, ya san inda zai yi shiru ya bar masa fili. A irin wannan tsari Ibro shi ne mai kawo rikici, sauran kuma kowa da aikinsa, wani shi ne mai hankalin da ake ɓata wa rai, wani shi ne abokin cin mushen da yake ƙara dagula lamari, wani kuma shi ne wanda ake zalunta. Gungun yana kama da duwatsun murhu, idan aka ɗauke ɗaya, sauran biyun ba su daina zama duwatsu ba, amma tukunya ba za ta zauna ba. Mutumin da ya shekara goma sha biyar yana ƙwarewa wajen amsa wa Ibro, idan aka wayi gari aka ce shi ne zai ja fim, an ba shi aikin da bai taɓa koya ba ne, kuma sau da yawa abin da yakan yi shi ne kwaikwayon marigayin, wanda hakan ke ƙara tuna wa mai kallo abin da ya rasa. Ƙwarewar amsawa fasaha ce mai zaman kanta, sai dai ba ta bayyana idan babu mai jefowa.

A daidai wannan lokaci kuma kasuwar da ta raini camama ta ruguje. Faifan CD da ake saya a kai ƙauyuka ya mutu a tsakiyar shekarun 2010, satar fasaha da tura fim daga kwamfuta zuwa waya suka cinye ribar, masu shirya fim suka koma YouTube, inda kuɗin shiga yake bin yawan masu kallo da yawan abin da aka ɗora. Wanda a da yake fitar da fim ya jira ya ga yadda kasuwa za ta karɓe shi, yanzu dole ne ya fitar da sabon abu kowane mako, kuma babu ɗan wasan da ƙwaƙwalwarsa za ta iya haifar da sabuwar dabara a wannan gudu ba tare da marubuci ba. Yadda ake kallon ma ya canza. A garuruwa irin su Zuru, fim ɗin Ibro abu ne da ake kallo a gidan kallo ko a tsakar gida ko a gaban shagon mai shayi, mutum ashirin ko talatin a gaban akwati guda, dariyar wani tana tayar da ta wani. Yau matashi yana kallo ne shi kaɗai a waya da abin sauraro a kunne, yatsarsa a shirye take ta tura hoton gaba idan daƙiƙa goma suka wuce bai yi murmushi ba, kuma a TikTok yana da ɗaruruwan sababbin masu barkwanci da suke gasa da tsofaffin. Wasan da aka gina shi a kan jan rai, wanda sai an yi minti biyar ana kitsa rikici kafin ya fashe, ba zai yi armashi a wannan yanayi ba, ko da wane ne ya yi shi.

Akwai wani dalili da ya keɓanta da al'adar wannan yanki, wato abin da ake tsammani daga dattijo. Saurayi ɗan shekara ashirin da biyar yana iya sa yagaggiyar riga ya faɗi a kwata jama'a su yi dariya, amma idan ya kai hamsin, ya aurar da 'ya, ya yi surukai, ya je Makka, to shi kansa yana jin nauyin abin, masu kallo ma suna jin nauyinsa a madadinsa. Kunya da kamun kai, waɗanda su ne ma'aunin dattaku a wurin Hausawa da maƙwabtansu, suna hana tsohon ɗan wasa sakin jiki, kuma barkwancin da aka yi shi da rabin jiki ba ya kama mutane. Wawan sarki yana iya tsufa a cikin aikinsa saboda fada ta ba shi rigar da take kare shi, amma ɗan camama ba shi da wannan kariya. Mafitar da ta rage masa ita ce ya sauya irin dariyar da yake bayarwa, ya bar ta jiki ya koma ta baki, ya zama tsohon da yake da rowa ko son girma ko wayon banza, kuma wannan sauyi yana buƙatar wanda zai zauna ya rubuta masa sabon hali.

Batun da ya fi shafar Zuru kai tsaye shi ne kwaikwayon harshen wasu ƙabilu. Wani kaso mai yawa na camama ya dogara ne da fitowar Bagware ko Bafulatani ko Bayarabe ko Inyamuri yana karya Hausa, yana mayar da namiji mace, yana kasa furta wasu haruffa. Masu kare wannan salo sukan danganta shi da wasan barkwanci na gargajiya da ke tsakanin al'ummu, kamar na Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zazzagawa, ko Gobirawa da Yarbawa. Sai dai wancan wasa yana da sharaɗi, shi ne kowane ɓangare yana da damar ramawa, kuma an gaji wasan ne daga kakanni da yardar juna. A fim kuwa ɓangare ɗaya ne yake riƙe da kyamara. Mai kallon da Hausa ce harshensa na biyu, wanda wataƙila an taɓa yi wa lafazinsa dariya a makaranta ko a wurin aiki, yana iya jure wannan idan akwai wata hikima a bayansa, kamar yadda ya jure wa Samanja, amma idan karya harshen shi ne dukan abin da aka tanada, to zai gaji da shi tun kafin Bakano ya gaji. Saboda haka idan aka ji mutumin Zuru ya ce wani tsohon ɗan wasa ya daina ba shi dariya, ba lallai ne ɗan wasan ya ragu ba, yana yiwuwa abin da ake yi wa dariyar ne ya tsufa, kuma wannan ci gaba ne a wurin masu kallo.

Wannan jayayya ba ta Hausawa kaɗai ba ce. A Ingila an daɗe ana yin irinta a kan gungun Monty Python, mutum shida da suka yi shirin barkwanci a talabijin na BBC daga 1969 zuwa 1974. Bayan rabuwarsu John Cleese ya yi nasara da shirin Fawlty Towers, Michael Palin ya koma shirye-shiryen tafiye-tafiye, Terry Gilliam ya zama daraktan fina-finai, Graham Chapman kuma ya mutu a 1989. Da biyar ɗin da suka rage suka sake haɗuwa a Landan a watan Yuli na 2014, shekarar da Ibro ya rasu, sun cika babban zaure har dare goma, amma mafi yawan abin da suka gabatar tsofaffin wasanninsu ne, waɗanda masu kallo suka haddace tun suna matasa. A kudancin Nijeriya ma haka ake tuna New Masquerade na Zebrudaya, wanda shi ma ya gina sunansa a kan karya Turanci. Abin da waɗannan misalai suke nunawa shi ne cewa ƙwaƙwalwa tana yin tankaɗe. Ibro ya fito a fina-finai masu ɗimbin yawa, kuma da dama daga cikinsu ba su da wani armashi ko a lokacin da suka fito, amma abin da ya rage a zukatan mutane shi ne fitattun wurare ƙalilan, su ne kuma ake yankowa ana yaɗawa a waya. Wanda yake raye ana auna dukan aikinsa na wannan mako, mai kyau da marar kyau, da zaɓaɓɓen aikin marigayi na shekara ashirin, kuma babu mai tsallake irin wannan awo.

Hujja mafi ƙarfi da ke hannun masu kare tsofaffin 'yan wasan ita ce abin da ya faru lokacin da aka ba wasunsu rubutaccen labari. Tashar Arewa24, wadda ta fara watsa shirye-shirye a 2014, ta nuna Gidan Badamasi, wasan barkwanci mai dogon zango da Falalu Ɗorayi ya ba da umarni, Nazir Adam Salih ya rubuta, a kan wani attajirin tsoho mai rowa da tarin 'ya'yansa masu jiran gado. An haɗa 'yan wasan da suka fito daga camama da waɗanda suka fito daga sauran rassan masana'antar, aka bai wa kowa hali tsayayye da abokin karawa tsayayye, kuma wasan ya karɓu a gidaje, har da gidajen da a da ake raina camama a cikinsu. Ma'anar wannan ita ce an sake gina gungu, an mayar da tsarin mai jefawa da mai amsawa, sai dariyar ta dawo. Ba a sauya mutanen ba, abin da aka sauya shi ne yanayin aikinsu.

Siyasa ma ta taka rawarta, ko da yake ba ta kai sauran dalilan nauyi ba. Wasu daga cikin 'yan wasan sun shiga yaƙin neman zaɓe, wasu sun karɓi muƙamai, wanda haƙƙinsu ne kamar kowane ɗan ƙasa, amma mai barkwancin da aka san jam'iyyarsa ya raba masu kallonsa gida biyu, kuma da wuya mutum ya saki baki ya yi dariya ga wanda ya gani jiya a kan dandamalin abokin hamayya.

Idan aka tattara waɗannan dalilai, hukuncin da ya fi kusa da gaskiya shi ne cewa mafi yawan abokan Ibro da suke raye ba su rasa baiwarsu ba, amma mafi yawan abin da suke fitarwa a yau bai kai na da ba, kuma maganganun nan biyu ba sa karo da juna. Laifin da za a iya ɗora musu shi ne na yarda su ci gaba da fitowa a wasan da ba a rubuta ba, da riƙe salon kwaikwayon ƙabilu bayan lokacinsa ya wuce. Sauran nauyin yana kan masu zuba jari da suke ganin biyan marubucin barkwanci asarar kuɗi ne. Game da rukunin Samanja kuwa, matasan Zuru da suke jin iyayensu suna yabonsa ba su da cikakkiyar hanyar da za su gani da idonsu su yi nasu hukunci, domin abin da yake yawo a intanet gutsattsari ne marasa kyan hoto. Ya kamata hukumar NTA da gidajen talabijin na jihohi su binciko kaset-kaset ɗin da suka rage a ɗakunan ajiyarsu na Kaduna da Jos da Kano da Sakkwato, su mayar da su zuwa na'urar zamani, su sake nuna su, su kuma biya iyalan waɗanda suka yi wasannin haƙƙinsu.